Ranar da Duhu ya Same Mu a Gonar Auduga

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta ranar da rana ta ɓace mana da hantsi ba. Lokacin ina da aure da ɗiya guda mai tatata, muna zaune a wani ƙauyen Hausawa kusa da Kamlin, kuma ana tsakiyar tsinkar auduga.

Ƙanin mijina yana makaranta a Madani, ya zo gida ganin Inna, surukata. Tun kwana kaɗan kafin ranar ya ce mana wata zai shiga tsakaninmu da rana, gari ya yi duhu, sa'annan ya waye. Ya ce kada kowa ya ƙura wa rana ido. Na ce masa, "Ɗan makaranta, duba aka koya muku?" Ya ce, "Matar yaya, lissafi ne." Inna ta ce ya yi shiru da bakinsa.

Ranar muka fita hawasha, wato gonar da muke tsinka, har da ƙanin mijina, na zaunar da ɗiyata a inuwar rumfa. Bayan mun ci kisra, wato gurasar dawa, sai na ga hasken ya canza, ya yi fari-fari kamar na mara lafiya. Iska mai sanyi ta taso. Tsuntsaye suka yi ta komawa bishiya, jakuna suka kama kuka. Wata tsohuwa ta yi salati ta ce tashin duniya ne. Nan fa kowa ya watsar da buhunsa, wasu suka nufi gari, wasu suka faɗi suna kalmar shahada. Ni ma na ruga, sai da na yi nisa na tuna ban ɗauki yarinya ba. Na koma rumfa, babu ita. Kuma tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin, tana nan kusa, cike fal.

Ina ta kiran sunanta, muryata ta ɓace cikin ihun mutane. Duhu ya rufe, har na ga wani tauraro yana ƙyalli. Sai na ji muryar ƙanin mijina daga bakin ruwa: "Matar yaya, tsaya inda kike! Tana hannuna." Shi kaɗai ne bai gudu ba. Ya ga ta bi mutane tana kuka, ta nufi ruwa, ya tare ta ƙafarta ɗaya cikin laka. Kafin ya iso gare ni gefen rana ya ɓullo, zakaru suka yi cara.

Maza suka tafi sallar husufi. Da yamma Inna ta dafa jabana, wato gahawa, ta kira ƙanin mijina. Ta ce, "To, faɗa mini. In wata yawo yake bisa kanmu, mi ya hana shi faɗowa?" Ya ɗaura dutse a igiya ya yi ta juya shi sama da kansa. Ya ce, "Inna, hannuna duniya ce, dutsen wata ne. Duniya tana jan sa kamar igiyar nan, gudunsa kuma ya hana shi faɗowa. Haka rana ke riƙe da duniya, da tauraron da kuka gani ɗazu, kowa da hanyarsa." Inna ta daɗe tana kallon dutsen, ta ce, "Wa ya ɗaura tasu igiyar?" Ya ce, "Allah." Ta ce, "Halas, shi ke nan, mun shirya," ta ƙara masa jabana.

Ɗiyar nan yanzu tana da jikoki. Abin da na koya ranar shi ne, duhun bai taɓa kowa ba, tsoro ne ya kusa raba ni da ita. Wanda ya san yadda abu ke tafiya yana iya tsayawa ya duba gabansa lokacin da sauran mutane ke gudu.