Yadda Muka Gyara Filin Jirgin Kombela

Litinin: New Bell zuwa Yaoundé

Ƙarfe biyar da kwata na fito daga gida a New Bell, bayan sallar asuba. Akwatin na'urar awon ƙasa na hannuna, ƙafafunta uku a kafaɗa. Wata goma sha huɗu ke nan rabona da buɗe akwatin nan, tun ranar da kamfanin gina hanyoyin da nake wa aiki ya rufe. Lokacin kiriz ne, kamar yadda kowa ke faɗa a Douala: an yanke albashi, an karya darajar kuɗin sefa, masu digiri sun koma tuƙa bensikin, wato babur ɗin haya. Matata Maimuna ce ke riƙe da gidan da fanken da take soyawa a ƙofar gida. Ta rako ni har bakin kwata, ta ce, "Malam, ko aikin bai yi ba, ka dawo mana lafiya."

Abin da ya tashe ni wasiƙa ce daga Etienne, abokin karatuna, wanda ya zama sakataren magajin garin Kombela, can cikin dajin gabas. Garin na da ƙaramin filin jirgi na marmara, shekara shida ba a sauka a kansa ba. Wata ƙungiyar likitoci mai ɗan jirgi ta yarda za ta riƙa zuwa duk wata idan an gyara shi, kuma matuƙinsu zai zo dubawa nan da kwana goma sha takwas. Da damina hanyar Kombela yankewa take yi, maras lafiya sai dai ya jira.

Bensikin ya kai ni unguwar PK 14 a bakin gari ƙarfe shida saura. Can na tarar da Kawu Garba, ƙanin mahaifiyata, tsohon direban gireda da ya yi ritaya, yana zaune a kan jakar sifanoninsa. Ni na roƙe shi ya biyo ni. Ya riga ya sama mana wuri a motar katako da za ta koma gabas babu kaya. Direbanta Musa, Bafillacen Ngaoundéré ne, mai yawan dariya.

Mun haye gadar Edéa ƙarfe takwas. A shingen gaba da ita wani jandarma ya sa na buɗe akwatin, ya daɗe yana juya na'urar, yana tambaya ko kyamara ce. Na kafa ta a gefen titi na ce ya leƙa. Da ya hango wata mai sayar da ayaba can nesa kamar a gabansa, sai ya kira abokin aikinsa shi ma ya leƙa, sannan suka ɗaga mana sanda. A Boumnyébel muka ci gasasshen agade da tsire. Ƙarfe uku muka shiga Yaoundé, kilomita ɗari biyu da arba'in daga gida, muka sauka a unguwar Briqueterie gidan wani aminin Kawu mai sayar da yadi.

Talata da Laraba: Ayos, Abong-Mbang, Kombela

Kwalta ta ƙare a Ayos wajen ƙarfe goma. Daga nan jar ƙasa ce da ramuka. Ruwa ya sauko da azahar, aka rufe shingen da ake tsare manyan motoci da shi har hanya ta sha iska, muka yi awa huɗu a wurin. Muka kwana Abong-Mbang a ɗakin baƙi na masallaci. Washegari kilomita saba'in kacal suka rage, amma sun ci mana awa shida, sau biyu muna sauka muna cusa rassa ƙarƙashin taya.

Etienne ya tarye mu a ofishin magajin gari, ya rungume ni, muka yi ta Faransanci kamar muna aji. Ban tsaya hutawa ba, na ce a kai ni filin. Tsawonsa mita ɗari tara a takarda, amma ciyawa ta kai ƙirji, na ƙirga suri goma sha bakwai, tsakiyar filin kuma ta zama tafki saboda kwalbatin da ke ƙarƙashi ta toshe. A ƙarshen kudu wani ya shuka rogo ya cinye mita ɗari da hamsin. Giredar garin kuwa tana bayan ofis, kaza na kwanci a kan kujerarta.

Kawu ya zaga ta sau biyu, ya buɗe inji, ya shafa mai a yatsa ya shinshina. Ya ce, "Isiyaku, ba ta mutu ba. Ka je ka yi awonka."

Kombela: mako biyu a filin

Mun sauka gidan Alhaji Bala, mahauci, sarkin Hausawan garin, waɗanda ba su wuce gida goma sha biyu ba. Kowace safiya ƙarfe shida da rabi muke fita. Magajin gari ya sa an yi shela a coci da masallaci, mutum kusan tamanin suka fito da adduna da fartanyoyi. Kwana uku na yi ina awo ina kafa turaku, na gano cewa idan aka buɗe kwalbatin, aka haƙa lambatu a gefe biyu, aka ɗaga tsakiyar filin da taƙi ɗaya, ruwa zai kama gabansa. A rana ta huɗu muka ji ruri daga bayan ofis. Kawu ya samo famfon mai a wurin masu yankan katako, suka kuma ba da gas. Da giredar ta fito titi tana baƙin hayaƙi, 'yan kasuwa suka bar rumfunansu suka biyo ta har filin.

Rogon ne ya kusa ɓata komai. Na wata dattijuwa ce, Mama Odette, wadda ke riƙe da jikoki huɗu. Ranar da turakuna suka isa gonarta ta zauna a tsakiyar kunya da addarta a cinya. Magajin gari ya fusata, ya ce ƙasar hukuma ce, a sa gireda kawai. Na duba takarduna na ga ba yadda za a yi jirgi ya sauka ba tare da wannan yanki ba, don ɗaya ƙarshen fadama ce. Kawu ya kashe inji ya sauko, ya ce shi bai taɓa tura abincin mutum da wuƙar gireda ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Magajin gari ya ce to sai mu kama hanyar Douala. Na yi shiru, ina tunanin yadda zan shiga New Bell hannu wofi.

Da yamma muka je gidanta tare da Etienne, shi yana fassara. Ta ce ba jirgi take ƙi ba. 'Yarta, uwar yaran nan, a bayan motar katako ta rasu ana neman kai ta asibiti da naƙuda. Amma rogon saura mako uku ya nuna, kuma shi ne abincinsu har wata shekara. Kawu ya nemi a tono masa saiwa ɗaya. Ya fere, ya tauna, ya ce ai wannan ya isa a yi bobolo, abincin rogon nan da ake naɗewa a ganye, kuma ga ma'aikata tamanin kullum suna aiki da yunwa. Washegari Etienne ya shawo kan magajin gari: ofis zai sayi rogon don ciyar da ma'aikata, a ba ta wata gona kusa da rafi, matasa su share mata. Matan gari suka tone shi cikin kwana biyu, suka jiƙa, suka daka, suka naɗe a ganye. Mama Odette da kanta ta riƙa rabawa, kuma ba ta yarda kowa ya karɓi biyu kafin Kawu ya ci.

Sauran aikin ya tafi da sauri. Aka farfasa suri aka cike ramukan da marmara, aka daddaɓe da ganga cike da siminti da mutum goma ke ja. Muka jera duwatsu a gefe biyu muka shafe su da farar ƙasa. Matar Alhaji Bala, Hajiya Laraba, ta ɗinka mana doguwar jakar da ke nuna wa matuƙi inda iska ke kaɗawa, da jan yadi da fari, bayan na zana mata a ƙasa. Saura kwana biyu jirgi ya zo aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun hantsi har la'asar. Yana ɗaukewa na tafi filin da gudu. Lambatu biyu sun cika suna gudu, tsakiya kuwa ko ɗigo bai kwanta ba.

Juma'a: saukar jirgi

Ƙarfe goma da minti ashirin muka ji ƙararsa. Ya zaga sau biyu, ya yi ƙasa-ƙasa ya bi tsawon filin yana dubawa, sannan ya juyo ya sauka. Matuƙin ɗan Bamenda ne, ba mai yawan magana ba. Ya taka filin da ƙafa daga farko har ƙarshe, ya sa aka tuƙa shi a motar magajin gari da gudun tamanin, ya leƙa kwalbatin. Ya tambayi wa ya yi awon, aka nuna ni. Ya ce, "C'est propre," wato aiki ya yi tsaf, ya sa hannu a takarda.

Likitar da ta zo tare da shi ta duba mutane har ƙarfe biyu. Ta ce dole a tafi da wani malamin makaranta da ƙafarsa ta ruɓe, da matarsa. Kujera ɗaya ta rage zuwa Yaoundé, matuƙin ya ce tawa ce. Na waiwaya na ga Kawu yana shafa fiffiken jirgin da bayan hannu. Na tambaye shi ko ya taɓa hawa. Ya ce filin jirgi uku ya baje a rayuwarsa, bai taɓa leƙa cikin jirgi ko sau ɗaya ba. Na ɗauko jakar sifanoninsa na miƙa wa matuƙin. Ya so ya yi gardama, Alhaji Bala ya tura shi ciki.

Komawa gida

Ni na biyo motar da ta ɗauko buhunan koko ranar Asabar, kwana uku a hanya, da damin bobolo daga Mama Odette da wasiƙa daga magajin gari zuwa ga takwaransa na wani gari da shi ma filinsa ya mutu. Na sauka PK 14 ranar Litinin da la'asar. Na tarar da Kawu a ƙofar masallaci, dattawa sun kewaye shi, yana gaya musu cewa daga sama ya ga layin da ya ja, kuma ko kaɗan bai karkace ba.

Ana kiran magariba na shiga New Bell. Maimuna na kwashe kaskonta. Ta dube ni, ta dubi jar ƙasar da ta rine min riga, ta tambaya ko jirgin ya sauka. Na ce ya sauka, kuma nan da mako biyu zan sake tafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Alhaji Bala da iyalinsa da suka riƙe mu kamar jininsu, da Musa direba, da mutanen Kombela da suka ba da ƙarfinsu, da Kawu Garba, wanda ya kashe injinsa a ranar da ni na kasa buɗe baki.