Ƙafafun Ƙauri

Ranar Litinin da hantsi aka haifa mini 'yar fari a asibitin Kankia. Kafin la'asar an sallamo su gida, kakar matata kuma ta iso daga Fakuwa da ƙullin kayanta, don ita za ta yi wa mai jego wanka. Tsohuwa ce mai baki, tun ranar da na auri jikarta ta mai da ni abin tsokana. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta tsare ni a zaure.

"Kai mai tabarau, ran Alhamis ƙauri. Ƙahwa huɗu ta sa nike so, ba ukku ba. Ka hwaɗa ma mahauci tun da wuri shi aje maka."

Na ce to. A raina har dariya na yi, me ke da wuya a sayen ƙafar sa? Ƙauri dai farfesu ne da ake dafa wa mai jego da yaji a kwana na huɗu, a raba wa dangi da maƙwabta, kuma miji ke kawo ƙafafun. In bai kawo ba, ba shi kaɗai za a yi wa dariya ba, har da matar. Matsalar ita ce mahaucinmu sa ɗaya yake yankawa a rana, sa kuwa ƙafa huɗu gare shi, ga masu sayar da farfesu suna jira tun da sassafe.

Mahaucin nan abokin mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa, don haka Baba nake ce masa. Rumfarsa na bakin titi, kusa da inda motocin Kano ke sauke mutane. Yana da wata ɗabi'a da duk garin ya sani: ba ya ɗora wuƙa a kan nama sai ya ji wanda zai ci. In tsoho ne marar haƙori, ya san inda zai yanko. In baƙi aka yi, ya haɗa da ɗan kitse don miya ta yi kyan gani. Wanda ya tashi daga ciwo kuwa, ko ya nemi tumbi sai ya hana shi. Ni kaina na sha yabon wannan hali a gaban abokaina malamai, ina cewa ko a birni ba a samun irinsa.

Talata da safe na je. Bencin rumfar cike yake da dattijai, sa'o'in mahaifina, waɗanda suka ga ranar da aka raɗa mini suna. Na gaishe su, na buɗe baki, sai na sake wata gaisuwar. Yaya zan dubi waɗannan mutane in ce matata ta haihu? A gidanmu ba a ambaton ɗan fari. Ni ma ɗan fari ne, mahaifiyata har yau ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni da nake tsayawa gaban aji ina yi wa yara bayanin zaman duniya, na ɗauka na wuce wannan kunya, ashe tana nan kwance tana jirana.

"Malam ƙarami, mi za a yanka maka? Wa za shi ci?"

"Hanta," na ce. "Ni zan ci."

Ya dube ni ta saman tire, ya yanka hanta, ya yi gyara, ya naɗe a takarda. Na koma gida tsohuwa ta buɗe takardar, ta juya ta sama da ƙasa, ta tambaye ni ko shanun Kankia da hanta suke tafiya.

Laraba na koma da niyya mai ƙarfi, har na yi ta maimaita maganar a kan babur. Na tarar da benci ya ƙara cika, har da limamin unguwarmu. Na dawo gida da tsoka.

Wannan karon tsohuwa ba ta yi wasa ba, kallona kawai ta yi. Matata ce ta kira ni daga bakin ƙofa, ta rage murya ta ce ƙannen babanta za su zo gobe bayan la'asar, ƙawayenta ma sun ce suna jiran rabonsu. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa ta yi kada in bari a ji kunya. Na ji haushin kaina ƙwarai, don yarinyar nan ta sha wuya ranar Litinin, ni kuwa magana ɗaya ta gagare ni.

Alhamis da sassafe dabara ta zo mini, kuma a lokacin gani nake ba wanda ya kai ni wayo. Zan tafi Kusada, inda mahauta ba su san ni ba. Na hau babur, na ratsa gonakin dawa ina jin kaina kamar wanda ya tsere daga jarrabawa. Na samu wani mahauci matashi, ya lulluɓe namansa da raga saboda ƙuda, ga ruwan wanke hannu a buta. Na tsaya da ƙarfin hali na ce ina son ƙafar sa huɗu, ta ƙauri. Ashe a gaban baƙo bakina lafiya lau yake.

"Kash, Malam, ka makara. Mai hwarhesu ta kwashe tun ɗazu. Amma tsaya, ba a barin mai ƙauri shi tahi hannu biyu. Daga ina kake?"

Na ce daga Kankia. Kafin in ankara ya goge hannu, ya zaro waya, ya buɗe muryar wayar yadda duk kasuwa za ta ji. Da aka ɗauka sai na ji muryar mahaucinmu.

"Baba, ga wani bawan Allah nan daga garinku shina neman ƙahwa ta ƙauri."

Baba ya tambaya: "Dogo ne, da tabarau?"

"Shi ne."

"Ce mashi shi dawo gida. Kuma shi bi hanya sannu."

Ban san mahautan ƙasar nan duk sun san juna ba sai ranar. Matashin ya raka ni har bakin babur yana danne dariya, ya ce in gaida mai jego. Tafiyar komawa ta yi mini tsawo, ina ta lissafin irin tsiyar da benci zai yi mini.

Na iso wajen azahar, dattijai na nan ba wanda ya motsa. Baba bai tambaye ni komai ba. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wata roba a rufe da buhu. Ƙafafu huɗu ne, an babbake, an kankare su fes, an sassare a gaɓa yadda tsohuwa ba za ta nemi gatari ba. Daga baya na ji mutum uku ya mayar a kansu tun safe. Ya ɗaga murya ya ce wa benci, "Sautu ne, wata tsohuwa daga Fakuwa ta aiko shi." Dattijan nan kuwa suka gyaɗa kai kamar gaske, ɗaya ma ya shiga zancen tsadar taki.

Shi da kansa ya ɗauko robar ya biyo ni wajen babur, yana ɗaurewa yana magana ƙasa-ƙasa. "Kai ma ka yi ƙoƙari. Ubanka da aka haihe ka, bayan rumhwa ya laɓe shina nuna mani ƙahwar kanshi da yatsa."

Dariya ta kama ni, ƙwalla kuma ta biyo bayanta, har na cire tabarau. Na riƙe kan babur da hannu biyu na ce, "Baba, mace ce."

"Allah shi raya mana ita," in ji shi.

Sai na ji benci gaba ɗaya ya amsa da amin, har da liman. Ashe kunnuwansu na wajenmu. Ban juya ba, na tayar da babur na bar wurin.

Tsakanin rumfar da gidanmu ba nisa, amma sai na bi ta bayan gari inda ba mutane, robar tana bugun bayana. A nan na buɗe baki na faɗa da ƙarfi, "Ina da ɗiya!" Wata mata mai ɗauke da itace, wadda ban lura da ita ba, ta tsaya ta ce, "To, barka!" Na ce mata yawwa, na gode, ranar Litinin aka haife ta.