Nasiru da Waken Farko a Durun

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina Nasiru, kuma har yau ina zaune a gidan ƙasar da ya gina mana a Durun. Kowane rani yayana, Yaya Auwalu, yakan zo daga Kano ya ce in sayar da gonar in koma gida. Bana ma ya zo, har da mai saye.

Gyaran waya Nasiru yake yi a birni lokacin da muka yi aure. Ni kuwa a littattafan soyayya na tashi, na ɗauka kowane aure a gidan bene yake ƙarewa. Wata rana ya dawo daga kasuwa ya ce ya gaji da hayaƙi da gidan haya, zai koma gonar kakansa.

"Gimbiya, a littattafanki daga ƙauye ake kai amarya birni," in ji shi. "Ni zan juya labarin."

Na yarda, don ya iya zana mafarki. Ya ce za mu yi kiwon tantabaru da awaki, zogale ya zama dangarmu. Maƙwabciyarmu Inna Tabawa takan tsokane shi da manomin takalmi, shi kuma ya durƙusa ya gaishe ta yana dariya. Ya gina ɗaki mai taga tana kallon gona. Rumbu ya ce sai baɗi.

Waken ya yi kyau a shekarar farko. Ina Kano wankan jego ya kira ni, murya cike da murna, yana cewa ya jera buhunan a ɗakinmu don in gan su da idona. Ya cusa musu ƙwayar maganin ƙwari, irin wadda take fitar da iska mai guba a hankali. Lokacin sanyi ne, ya rufe tagar ya kwana a ɗakin. Ba a gan shi a sallar asuba ba. Da hantsi kukan awaki ya sa Inna Tabawa ta leƙa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Yanzu tsadar abinci ta koro mutanen birni da yawa. Ina ganinsu a hanyar Garo da sababbin fartanyu, fuskarsu irin tasa. Da yana nan da ya yi alfahari cewa ya riga su, ya tare su da shawara har su gaji. Ban san me zai ce game da ni ba. Tafin hannuna ya yi kanta, tantabarun sun watse tun shekarar farko, kuma na daina karatu, don idan na dawo daga gona barci nake yi.

Abin da ya rage nasa kaɗan ne. Akwai 'yarmu Ummi, wadda sau ɗaya ya ɗauke ta, ranar suna. Akwai gonar, wadda ba ta san ya mutu ba, kowace damina sai ta nemi hannu. Mafarkin nasa ne, amma ni nake tashi da shi kullum, kuma ban iya tantance ko son sa ne ya riƙe ni ko tsoron in bar shi shi kaɗai a maƙabartar bayan gari.

Yaya ya tsaya a zaure da mai sayen, ya ce, "Hauwa, ya isa haka."

Na ce ya bar min daminar bana kawai. Haka na ce masa bara ma.