Gwiwar Magini

Da asuba na tarar da ita kwance a ƙasan falo, ta ɗaure waya a ƙwaurinta da robar taya, tana lanƙwasa ƙafa tana miƙewa kamar mai tuƙa keke a mafarki.

"Injiniya, aljanu ne ko motsa jiki?" na ce.

"Kawu, matsa don Allah, ka tare mini haske."

'Yar yayata ce. Ni na laƙaba mata Injiniya tun tana ƙarama, ranar da ta kwance rediyon shagona don ta ga inda mai maganar yake zaune. Ta sha kuka kafin ta mayar da shi, amma ta mayar. Da ta gama makaranta ta yi zaman gyaran waya a wani lungu ƙarƙashin matakalar bene. A nan ta koya wa kanta haɗa manhaja, da wata tsohuwar kwamfuta mai fasasshen gilashi, har wani ƙaramin ofis ya ɗauke ta aiki. Ba ta da surutu. Abin da ya sa muke shiri ke nan. Ni mai walda ne, na gaji da mutanen da bakinsu ya fi hannunsu aiki.

Ran nan ƙarfen dogarawa na kawo wa ubanta, wanda na haɗa masa a shago. Magini ne, haka ma muke kiransa. Katako ya karye da shi a saman gini, gwiwa ta tarwatse, aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Likitan motsa jiki bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙashi zai haɗe da kansa, amma gwiwa sai an riƙa lanƙwasa ta kullum, da zafi da komai. In aka bar ta, za ta sandare kamar turmi, kuma lokacin da ake da shi ba shi da yawa.

Asibitin da nisa, kuma sa Magini a mota azaba ce. Shi ne Injiniya ta haɗa manhajar nan da na tarar tana gwadawa. A ɗaura waya a ƙwauri, ita za ta ji duk lanƙwasawar da aka yi. Ta ɗauki muryarta ta sa a ciki, tana cewa, "Yauwa Baba, ƙara ɗaya." In ya gama, alama koriya ta tafi wayarta da ta likita. In bai yi ba, ja. Likita ya yarda: in dai kore na zuwa, sai a rage zirga-zirgar asibiti. Yaya, uwarta, da yake tela ce, ta ɗinka wa wayar jaka mai maɗauri, aka yar da robar taya.

Kwanakin farko ja kawai ake gani. Injiniya ta dawo daga aiki ta tsaya a kansa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, haka za mu yi?" Sai ta zagaya bayan ɗaki ta yi kuka. Tagar ɗakin ubanta a buɗe take.

Daga washegari sai kore. Kore, kore, babu fashi. Likita ya yaba, har ya ce yana so a gwada wa sauran marasa lafiyarsa. Ni kaina na cika wa maƙwabtan shago kunne da labarin. In na je duba Magini, na same shi lulluɓe da bargo, ya ce motsa ƙafa ne ya gajiyar da shi. Injiniya ma abin da yake gaya mata ke nan, ga shi da sassafe take fita, sai yamma.

Wata rana da hantsi na biya don in sa wa ƙarfen dogarawar roba a ƙafafu, saboda yana zamewa a siminti. Tun daga ƙofa na ji muryar Injiniya a ɗaki, alhali na san tana ofis. "Yauwa Baba, ƙara ɗaya." Na ce bari yau in ga jarumin da idona. Na ɗaga labule.

Yaya ce zaune a kan keken ɗinkinta. Babu yadi, babu zare, ta cire bel. Tana taka matakin a hankali, ƙasa, sama, ta ɗan jira, ta sake. Wayar kuwa tana cikin jakarta, ɗaure a jikin matakin. Magini yana kan gado, ya juya fuska bango.

"Yauwa Baba, ƙara ɗaya."

Robobin da ke hannuna suka zube ƙasa.

"Yaya, me nake gani haka?"

Ƙafarta ta tsaya cak. Wayar ta ce, "Kar ka tsaya, Baba, saura kaɗan."

Na yaye bargon. Ƙafar tana miƙe kamar bututun ƙarfe, cinyar ta zube, ta koma kamar ta yaro. Na sa hannu a ƙarƙashin gwiwar na ɗaga kaɗan. Mutumin da na sha gani ya ɗauki buhun siminti a kowace kafaɗa ya kurma ihu. Gwiwar ko gezau.

"Ka ji ko?" in ji Yaya. "Kai yau ka fara ji. Ni kullum nake ji."

"Shi ya sa kika koya wa keke tafiya, kika bar mijinki?"

"Ni na sa ta," in ji Magini, bai juyo ba. "Ka ga yadda yarinyar nan ta yi kuka? Da farko na ce kwana biyu kawai, zafin ya sauka. Sai likita ya fara yabonta. Ta yaya zan ɓata mata abu? Ka rufa mana asiri, ƙanina. Gobe zan fara."

"Goben nan tun yaushe kake faɗinta?"

Na fita tsakar gida na kira Injiniya a waya.

Da ta iso ba ta ko ajiye jaka ba. Na hana Yaya kwance wayar, na ce ta gani yadda na gani. Ta dubi matakin, ta dubi ƙafar, ta sake duban matakin.

"Mama, tun yaushe?"

"Tun ranar da kika yi kuka."

Sai Injiniya ta sulale ta zauna a ƙasa. Na jira ihu, bai zo ba. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Na ga motsin kullum iri ɗaya ne, babu rawa, babu tsayawa. Na ce Babana ne, ba ya wasa da aiki." Ta rufe baki da hannu.

Ranar muka ɗauke shi zuwa asibiti. Likita ya taɓa gwiwar, ya dubi koren da ke wayarsa. Da bakinta Injiniya ta gaya masa komai, har da keken, ta kuma ce kada a ba kowa manhajar tukuna. Sai da aka sa Magini barci aka lanƙwasa gwiwar da ƙarfi. Likita ya ce hawan gini kam sai dai a haƙura. Amma tafiya ba sanda da zama a kujera kamar kowa, waɗannan suna nan, in an yi aikin gaskiya daga yanzu.

Ban ji ta yi wa kowa faɗa ba. Manhajar ta koma wa. Ta cire kore, ta cire ja. Ta sa wani babban maɓalli da ke cewa "Yau da zafi," wanda in an danna, likita zai kira ya faɗi abin da za a rage. Ta sa sai wayar ta ɗauki hoton gwiwar a lanƙwashe kafin ta yarda an gama. Ta so ta goge muryarta ma, ta ce ita ce ta sa shi ƙarya. Magini ya ce in ta goge ba zai ƙara ɗaurawa ba.

Zuwana na ƙarshe da safe ne, kafin ta fita aiki. Yaya ta mayar wa keke bel, tana ɗinkin riga. Magini yana bakin gado, gumi ya jiƙa masa wuya, gwiwar ta lanƙwasu wajen rabi.

"Kawu, ka zo duba mu ko duba keke?" in ji Injiniya.

"Duka biyun."

Magini ya miƙa hannu, a gaban idonta, ya danna maɓallin. Ta gani, ta gyaɗa kai. Ta durƙusa ta tallabe diddigensa a tafin hannunta, ta jira numfashinsa ya dawo, sannan ta tura ƙafar baya kaɗan.