Quitéria, Wadda Ta Daina Shuka Alkama

A gidanmu na Ribeirão, a kudancin Brazil, idan ana zancen asali, a kan Quitéria ake tsayawa. Ita ce kakar kakata. An haife ta a tsibirin São Jorge na ƙasar Portugal, 'yar wani masaƙi mai suna Gaspar da matarsa Brízida. Lokacin da sarkin Portugal yake kwasar talakawa zuwa kudancin Brazil da alkawarin gona da shanu, Gaspar ya shiga jirgin ruwa da matarsa da 'yarsa. Bai ga gonar ba. Dasashinsa ya ruɓe a hanya, ya rasu, aka sa shi cikin teku.

A jirgin akwai wani saurayi, Baltasar Furtado, wanda ya taimaka wajen naɗe gawar. Bayan sun sauka, Quitéria ce ta tare shi.

"Kai ba ka da mata, mu ba mu da namiji, gona kuwa magidanta ake ba. Me kake jira?"

Ya ce, "Na ɗauka sai kin gama makoki."

"Zan ƙarasa shi a gonar."

Aka ɗaura musu aure. Suka shuka alkamar da Brízida ta ƙullo daga gida, ta tsiro, ta yi ja, ta mutu. Suka sake, haka dai. Sai Quitéria ta fara zuwa wurin Domingas, wata tsohuwa daga mutanen da aka tarar a ƙasar, ta koyi noman rogo: yadda ake goge shi, a matse ruwan dafin, a soya garin a kasko mai faɗi.

Ranar da ta fara zuba shi a akushi, Brízida ta ture. "Garin katako? Ni gara ce?"

"To Inna, ki jira alkamarki."

Yunwa ta sa Brízida ta ci, amma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai garin katako.

Quitéria ta haifi Inácio, ta haifi Escolástica. Cikinta na uku ya tsufa ne da sanyi, lokacin da garken kifi ke shigowa gaɓa. Da hantsi mai hangen kifi daga kan dutse ya yi kururuwa, ƙauyen duka ya ruga jan koma, har da ungozoma. Ita kuwa tana gaban kasko naƙuda ta taso mata. Baltasar ya tsaya a ƙofa, ya rasa ta yi.

Ta ce, "Je ka, malam. Biyun farko da kai na haife su? In aka raba kifi ba ka nan, gishirin da na tanada in yi me da shi?"

Ya tafi. Brízida da Domingas ne suka karɓi jaririyar, mace, lafiyayya. Jini ne ya ƙi tsayawa. Domingas ta dafa ganye, Brízida ta yi ta addu'a. Quitéria ta nemi a sauke kaskon kada garin ya ƙone, ta ce tana jin sanyi, daga nan ba ta sake magana ba, ta cika.

Da la'asar Baltasar ya dawo da kwando cike. Ya ajiye shi, ya shiga ɗaki, bai fito ba sai washegari. Brízida ce ta zauna ta feɗe kifin ta sa masa gishiri, don zai lalace.

Aka sa wa jaririyar suna Benta, aka kai ta wurin maƙwabciya, Apolónia Vieira, wadda ke shayarwa. Baltasar ya sake aure, ya ɗauki manyan yaran biyu ya yi kudu, zuwa Rio Grande, ya ce zai dawo idan an yaye jaririyar. Bai dawo ba. Benta ta girma tana amsa sunan Vieira, kuma shi muke amsawa har yau. Da aka faɗaɗa cocin ƙauyen, kabarin Quitéria ya shige ƙarƙashin ginin.

A zamanin kakata wani ɗan kasuwa daga kudu, mai sayar da busasshen nama, ya sauka a gidanmu. Da ta ji sunansa Furtado, irin na Baltasar, ta yanka masa kaza, ta tambaye shi sunan kakanninsa. Ya ce bai sani ba. Ya ci, ya yi godiya, ya wuce.