Inji Ɗaya, Mota Biyu

Wata Asabar a ƙarshen daminar 1991, shekarar da aka ba mu jihar Taraba, babana ya ɗauko Malam Isa bakanike daga garejinsa na Majidaɗi ya kawo shi gidanmu a Mayo Gwoi, cikin Jalingo. Abin da muka mallaka a lokacin ba zai gajiyar da mai ƙirga ba. Motoci biyu ne matattu a gindin mangwaron tsakar gida, kowace an ɗora ta a kan duwatsu. Sa guda da ke kiwo a hannun wani Bafulatani can bayan Kona. Sai gonar doya da ta kusa isa haƙa. Wannan sa shi ne duk jarin gidan. In aka sayar da shi mota ɗaya kawai zai iya tayarwa, in kuwa aka tayar da wadda ba ta ciyar da mu ba, to babu wani san a bayansa. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ni ce babba a ɗakinmu, kuma na riga na ji Mama tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa zuwana sakandare yana rataye a kan motocin nan.

Baba, wanda gari ya sani da Dauda Direba, ya daɗe yana tuƙi a wani shirin aikin gona. Da aka rufe shirin aka yi gwanjon motocinsa, sai ya zuba abin sallamarsa a kan biyun da kowa ya tsallake. Kamfani ɗaya ya ƙera su, injinsu ma iri ɗaya ne. Ta farko a-kori-kura ce da ta sha ɗaukar taki zuwa ƙauyuka har fentinta ya koma launin ƙasa. Ta biyu farar ƙaramar mota ce mai kujeru masu laushi, wadda Baba ya yi shekaru yana tuƙa manajan shirin a cikinta. Shi ya sa duk gidan muke kiranta Manaja.

Mu yara ba mu da shakka a kan wadda muke so. A-kori-kura wurin shanya ce kawai, Mama na baza barkono da kuɓewa a bayanta, awaki na fakewa a ƙarƙashinta. Manaja kuwa ita ce duniyarmu. Da mun dawo makaranta, na ɗebo ruwa a rafi, na gama wanke-wanke da sharar tsakar gida, sai yaran layi su taru. Ƙanena Bulus ya haye kujerar direba yana kukan inji da baki har yawu ya jiƙa masa riga, ni kuma in tsaya a ƙofa ina ihu, "Numan, Yola, saura mutum ɗaya!" Marfin kwalba ne kuɗin mota, kuma tun a lokacin duk wanda bai kawo nasa ba a ƙasa nake barinsa, ko da ƙawata ce. Wata kaza mai wake-wake ta mai da but ɗin zuba kaya na baya wurin saka ƙwai. In ruwa ya sauko mukan rufe ƙofofi mu yi tsit muna jin bugunsa a kan rufi, ga ƙanshin tsohuwar fata da ƙura. Doka ɗaya Baba ya kafa mana, ba a cin komai a kujerar baya. Ranar da ya ga ƙwallon mangwaro a wurin, kowa ya ji a jikinsa.

To a ranar Asabar ɗin nan Malam Isa ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin kowace mota, ya fito ya buɗe bonet, ya juya wannan ya ƙwanƙwasa wancan, ya shafa baƙin mai a yatsa ya shinshina. Mutumin Zariya ne ta wajen kakanni, ba ya gaggawar magana. Sai da ya wanke hannu ya sha kunun da Mama ta kawo masa sannan ya faɗi abin da ya gani. Injin a-kori-kura ya buga, ba ya gyaruwa, amma ƙasusuwanta lafiya lau. Manaja kuma injinta da rai, sai dai giyarta ta mutu, ƙafafunta sun tafi, ƙasanta ya yi tsatsa. Ko dai a cire injin Manaja a sa wa a-kori-kura, ko a kwashe giya da ƙafafun a-kori-kura a sa wa Manaja. Baba ya ce ya ji, shi dai so yake a gaya masa wadda ya kamata a fara da ita, ɗayar ta biyo baya. Malam Isa ya ajiye kofi ya ce, "Dauda, kai ma direba ne, kada mu ruɗi juna. Wadda aka fara da ita za ta cinye 'yar uwarta. Babu ta fari da ta biyu a nan, akwai mai ci da wadda za a ci." Baba ya yi dariya ya ce ai aro za a yi, in hali ya samu a mayar.

Daga nan gidanmu ya rabu biyu, ba tare da wani ya ɗaga murya ba. Hujjar Baba ba ta banza ba ce. Gari na cika da ma'aikatan da aka dawo da su daga Yola, kowa na neman ɗakin haya, kowa na neman motar da za ta kai shi ga iyalinsa a ƙarshen mako. Ƙaramar mota mai tsabta a kan kwalta, in ji shi, ba za ta kwana ba lodi ba, kuma direbanta zai dawo gida da farar riga yadda ya fita. Akwai kuma abin da ba ya faɗa sai in yana cikin nishaɗi. Yakan ce ya buɗe wa wani ƙofar bayan motar nan sau ba adadi, yana so wata Lahadi ya buɗe wa Maman Talatu, ta hakimce a ciki ya kai ta coci, matan zumunta su gani. Ni ce Talatun. Mama takan ce ta gode, amma ƙafarta ta san hanyar coci. Ita lissafinta a kan doya yake. Ta san yadda manoma a ƙauyukan Mumuye ke tara ta a bakin hanya suna jiran mota, rana na dukanta, har mai saye ya zo ya taya yadda ya ga dama. Maganarta ɗaya ce, ta maimaita ta har na haddace: "Mutum in ya rasa mota zai taka da ƙafa, doya ba ta takawa."

Gaskiya doya ba ta takawa, mu muke taka mata. Gonarmu na wajen Kona, kuma tunda aka fara haƙar sabuwar doya, ni da Mama muke ɗauko ta a ka zuwa kasuwa. Kafin in tafi makaranta mun yi sawu ɗaya, ranar Asabar kuwa sai ƙafa ta gaji. Nakan naɗe tsohon zane in yi gammo, Mama ta jera mini doya a daro ta ɗora mini, mu bi ta cikin ciyawa mai raɓa, mu tsallake ƙorama, duwatsun gari na can gabanmu kamar ba sa matsowa. Sau da yawa ina isa makaranta an gama taron safe, in durƙusa a bakin ƙofa tare da sauran makararru, wuyana na ciwo. A filin wasa in 'yan mata na 'yar gala-gala nakan zauna in yi carabke, don tsalle na ƙara mini ciwon. Ban ɗauki abin a matsayin wahala ba. Duk 'yar da na sani tana ɗaukar wani abu a ka.

Abin da ya yanke maganar bai fi ƙarfin tafin hannu ba. Wata Asabar da yamma Mama ta kira ni kitson zuwa coci. Kullum a ƙofar kicin take yi mini, amma ranar sai ta ɗauki kujerarta ta kai gindin mangwaro, daidai inda Baba ke wanke Manaja da tsumma, abin da yake yi duk mako ko da motar ba ta motsi. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta tsefe tsohon kitson, ta yi ta tsaga da tsinke, can sai ta tsaya ta ce, kamar da kanta take magana, "To a nan kuma me zan kama?" Baba ya waiwayo. Ta ce, "Ba komai, Baban Talatu, yi aikinka. Gammo ne ya cinye mata gashin tsakiya." Ya ajiye tsumman ya zo ya tsaya a kaina. Na ji yatsunsa masu sanyin ruwa a tsakar kaina, inda fata ta fito sumul kamar bayan cokali. Ni kaina ban san wurin ya kai haka ba. Ya janye hannunsa. Ya koma ya ƙarasa wankin motarsa, har da goge gilashi. Washegari da aka tashi daga sujada bai biyo mu gida ba, ya kama hanyar rugar da sanmu yake, don a sayar da shi.

Na daɗe da yarda cewa Mama da gangan ta sauya wurin kitson nan. Ban taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Amma a wurinta na koyi abin da nake ci da shi har yau: in gardama ta ƙi ƙarewa, daina magana, kai mutum ya ga kayan da idonsa.

Ranar da aka cire injin Manaja, Malam Isa da yaransa suka rataya sarƙa a babban reshen mangwaro, aka yi ta ja ana "a hankali, a hankali", har injin ya fito yana lilo, baƙin mai na ɗiga a ƙasa. Bulus ya yi kuka har da birgima. Ni ban yi ba, amma na ƙi kallon ramin da aka bari a gaban Manaja. Baba da kansa ya rufe bonet ɗin, ya dafa shi ya ce, "Aro ne, Manaja, za a dawo miki da shi." Da a-kori-kura ta yi tari ta kama, hayaƙi ya cika gidan, kaji suka watse, Mama ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Motar nan ta yi aiki kamar ta san an yanka wata dominta. Ta bi hanyar Zing da kasuwannin ƙauye, ta ɗauko doya da masara da gyaɗa, wani lokaci da masu kayan a zaune a kai. Baba na fita da riga fara ya dawo da ja. Mama ta daina ɗaukar kaya ta koma saye a bakin gona tana sayarwa a gari. Gashina ya tsiro, na tafi sakandare da akwatin ƙarfe a bayan a-kori-kurar, tsakanin buhunan masara. Sai dai hanyar ƙauye ba ta barin mota lafiya, kuma duk abin da ya lalace, ga irinsa nan a tsakar gida kyauta. Yau lagireto, gobe fitila, jibi gilashin gaba. Duk abin da aka ciro, Baba zai ce aro ne. Ya kuma ci gaba da wanke Manaja ranar Asabar, har ta zama ba abin wankewa sai rufi da ƙofofi. Sau biyu ya fara tara abin sayen wani inji. Na farko karatun Bulus ya cinye, na biyu rufin ɗaki da iska ta yaye. Yaran layi suka daina zuwa, don motar da ba sitiyari ba ta zuwa Yola ko da wasa.

Abu ɗaya ne a-kori-kura ba ta da inda za ta sa shi, wato kujerar baya. Da masu sayen tsohon ƙarfe suka zo ɗaukar gangar jikin, Baba ya sa aka ciro ta aka jingina da gindin mangwaro. A kanta ya yi tsufansa. Da idonsa ya raunana ya bar tuƙi, nan yake zama da rediyonsa, a ɓangaren dama inda manaja ke zama, Mama a gefensa tana gyaran wake. Har lokacin ba a cin mangwaro a kanta. Sa'ad da na fara samu na kawo masa mota mai kyau na ce a riƙa kai su coci, ya zagaya ta yana shafawa, ya yaba, ya ce Allah ya sa albarka. Amma wani ne ya tuƙa, wani ne ya buɗe wa Mama ƙofa, kuma na ga a fuskarsa cewa ba wannan ya roƙa ba.

Yau sana'ata ke nan, saye da sayar da motocin hannu. Jalingo ta cika ta tumbatsa, inda muke tsallake ƙorama gidaje ne, Keke Napep na kai doya har ƙofar kicin, 'ya'yana kuwa ba su san yadda ake naɗa gammo ba. Mutane kan zo mini da tsofaffin motoci biyu suna tambayar wadda za su fara gyarawa, ni kuma ba na ɓoye musu. Nakan ce su zaɓi wadda za ta ciyar da gida, su yi ban kwana da ɗayar tun yau, kada su kira abin aro. A filina ba a cire ko ƙusa daga motar da nake da niyyar tayarwa.

In na zauna na auna, sa guda da Manaja muka bayar, muka karɓi karatun yara huɗu, da jarin Mama, da gashin kaina. Ko yau aka kawo mini wannan ciniki zan karɓa ban taya ba. Amma riba tamu ce mu duka, hasarar kuwa mutum ɗaya ya ɗauke ta, kuma bai taɓa cewa a raba da shi ba.