Tayoyin Ƙarƙashin Gadon Mai Faci

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, da hantsi, aminina Mai Faci ya riga mu gidan gaskiya bayan doguwar jinya. Ban yi boko ba. 'Yata ke rubutawa, na kuma hana ta sassauta ko kalma ɗaya.

Mai Faci, kai ne ka riƙe motar ɗaukar gawa ta unguwarmu ba wanda ya sa ka. Kullum kana cewa zama ke kashe taya, ba tafiya ba. Kowace Juma'a sai ka fito da ita ka zaga da ita, ka auna iska, ka wanke tayoyin da ruwa da sabulu kawai, ka mayar da ita inuwa ka lulluɓe da tamfol. Direbobi nawa ka yi wa faci a kan hanya ka ce su je abinsu? Amma ni da muka tashi tare, da tayar motata ta tsattsage na roƙe ka tayoyi biyun nan da ka ɗaure cikin baƙar leda ka tura ƙarƙashin gadonka, sai ka ce suna da mai su. Na daina zama a rumfarka har damina ta wuce. Har gobe ina ganin ɗaya dai ka iya ba ni.

Da ciwo ya kwantar da kai, kwamitin masallaci suka janye motar daga inuwa don su sami wurin shimfiɗa tabarmi. Suka ajiye ta a rana, jikin janareto, suka bar ta a kafe. Wani mai ƙwazo kuma ya dinga shafa wa tayoyin baƙin mai wai don su yi sheƙi. Na yi magana, aka ce tsufa ke damuna.

Ranar da ka cika, an yi maka wanka, an sa ka a likkafani, an yi salla, rana ta take. Maƙabarta na bayan gari, hanyar kuwa kwalta ce mai zafi da manyan motoci. Na durƙusa na shafa gefen tayoyin gaba, sai na ji su a bushe, duk sun dare, farcena yana shiga. Na ce wannan motar ba za ta ɗauke ka ba. Shugaban kwamiti ya ce ba a jinkirta gawa, a hankali direba zai tafi. Direban ya sunkuyar da kai. Aka ɗago makara. Ni kuwa na zauna a ƙasa gaban motar, na ɗora sandata a cinya.

"Baba, ka tashi, mutane na kallo," in ji shugaban.

"Su kalla. Gara su kalle ni a nan da su kalle shi a yashe a tsakiyar titi."

Aka fara gunaguni, wasu na cewa a ɗauke ni da ƙarfi. Masu makara suna tsaye da kai a kafaɗa, gumi na zuba. Sai uwargidanka ta aiko daga cikin gida a kira ni. Ta bayan labule ta ce, "Yaya, a duba ƙarƙashin gadonsa. Shekara da shekaru ina mita sun hana ni shara."

Aka jawo su, aka kwance ledar. Suna kan ƙarafunansu, baƙi wuluk, da laushi, ba tsaga ko ɗaya. Abokan sana'arka suka kafa jak, suka ɗaura su a gaba da sifanarka. A kansu ka tafi lafiya lau har bakin kabari. A hanyar dawowa tsohuwar tayar baya ɗaya ta fashe, motar ba kowa sai direba. Kallon shugaban kawai na yi.

Ashe kai ne mai su. Makullin motar yanzu yana aljihuna, kuma ba mai karɓa. Juma'ar nan ni na sa aka zaga da ita. Wataƙila ni ne fasinja na gaba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka nema wa motar matattu inuwa, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka, 'ya'yanka da abokan sana'arka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan. Amin.